SHI YA JAWO WA KANSA?

Ga wani saurayi daga wani ƙauye na Bambeye. Ya tafi cin rani Abijan, can ya koyi shan tiramol domin ya iya dako tun asuba har dare. Ya komo gida bai bari ba. Ran nan babur ya kā da shi a hanyar Tawa, cinyarsa ta karye. Aka yi masa aiki, aka ba shi maganin zafi daidai na kowa, gama ba wanda ya gaya wa likita halinsa. Ya kwana yana ihu. Kawunsa ya ce, "Ku bar shi ya ji a jikinsa, shi ya jawo wa kansa."

Kai fa, me za ka ce? Ni dai da fari zuciyata ta bi kawun.

Amma yaron ba ƙarya yake yi ba. Tiramol dangin mofin ne. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce, ta 'yan tebur kuwa akan sami mai 225. Jikin da ya saba da wannan, awon da ke kwantar da wani ba ya kwantar da shi. In kuma aka yanke masa farat ɗaya, sai gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi su haɗu da zafin karaya. Saboda haka likita yakan ƙara awo, ko ya haɗa da waɗansu magunguna, ko ya kashe wurin da allura. Yaye shi daga ƙwayar aiki ne dabam, a hankali, bayan ciwon ya lafa.

Wani ɗan'uwa ya tuna mini cewa a Golgota an miƙa wa Yesu ruwan inabi gauraye da mur, abin rage zafi, ya ƙi sha (Markus 15:23). Gaskiya ne. Amma shi domin zunubanmu ya ɗauki azabar nan, da son ransa. Ihun yaron nan ba ya biyan ko zunubi ɗaya. Da zafi yana wanke laifi, me ya kai Almasihu kan gicciye? Basamariyen nan ma, da ya ɗaure wa mutumin raunukansa, bai fara tambayarsa abin da ya kai shi hanyar Yariko ba.

In kai ne mai sha, za a kuwa yi maka aiki, ko a Tawa ko a Galmi, inda mishan ta buɗe asibiti a 1950, kada kunya ta rufe maka baki. Faɗa wa mai sa barci abin da kake sha, ƙwaya nawa a yini, da ranar da ka sha ta ƙarshe. In akwai giya ma, ka faɗa.