Idan Hasken Waya Ya Dushe

Da yawa daga cikinmu, da zarar fuskar waya ta yi duhu har rubutu ba ya karantuwa sai an kare da tafin hannu, hukunci ɗaya muke yankewa: sikirin ya mutu. Sai a nufi wurin masu gyara, na Kano ya kama hanyar kasuwar waya ta Farm Centre, yana lissafin kuɗin sabon sikirin tun kafin ya isa. Alhali sau da yawa sikirin lafiyarsa ƙalau. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dushewar haske alama ce kawai, cutar tana wani wuri.

A saman yawancin wayoyi, kusa da kyamarar gaba da wurin da ake kara kunne, akwai wata 'yar na'ura mai auna hasken wurin da kake. Ita ce ke sa waya ta ƙara haske a rana, ta rage a ɗaki. To idan ƙurar hunturu ta toshe ta, ko maiƙon fuska ya shafe ta, ko an manna gilashin kariya a karkace har baƙin gefensa ya rufe ta, waya za ta ɗauka a cikin duhu take ko da tsakar rana ce. Maganin wannan bai wuce tsumma mai laushi ba, ko a ɓamɓare gilashin a manna wani daidai.

Wani lokaci kuma batir ne. Idan caji ya sauko kamar kashi 20 ko 15 cikin ɗari, wayoyi da yawa kan shiga tsarin tsimi. Da yake sikirin na cikin abubuwan da suka fi shan caji, shi ake fara rage wa haske, don a tanadi abin da ya rage saboda kiran gaggawa.

Wanda ya fi damun mu a wannan yanki shi ne zafi. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne don ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. A watan Afrilu kuwa, zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40. Ka haɗa wannan da wayar da aka bari a gaban mota rana na dukanta, ko wadda ake kallon bidiyo da ita tana jikin caji. Idan cikinta ya ɗau zafi, da kanta take rage haske don kada batir da sauran kayan ciki su lalace. Ko ka ja ma'aunin haske har ƙarshe, ba za ta ƙara ba. Sai dai ka zare caja, ka cire mata riga, ka ajiye ta a inuwa ta huce. Kada a saka ta a firij, domin raɓa na iya taruwa a cikinta.

Akwai kuma saiti. Tun daga Android 12 da ya fito a 2021 aka ƙara wani maɓalli da ke dushe haske fiye da ƙa'ida saboda masu karatu da dare, iPhone ma tana da irinsa. Yaro yana wasa da waya zai iya kunna shi, mai ita bai sani ba.

Sai an duba duk waɗannan ne ake zargin sikirin. Mai gyara na kirki ma daga nan yake farawa: "Yallaɓai, ta faɗi ne? Ruwa ya taɓa ta? A rana ka bar ta?" Idan sikirin irin na LCD ne, mai fitila a bayansa, yakan haska shi da tocila. Idan ya hango inuwar rubutu, ya san fitilar ce ko layin da ke kai mata wuta ya samu matsala. A nan ne aikin gwani ya zama dole.

Abin lura a nan shi ne, haka muke yi wa mutanen da ke ƙarƙashinmu. Yaron da aka sani da kazar-kazar ya yi sanyi, sakamakonsa a makaranta ya faɗi, sai mu ce ya lalace. Uwargida ta rage fara'a, a ce ta canja hali. Yaron shago ya fara nawa, a ce lalaci ne, a fara neman wani. Ba mu tsaya mun tambaya ko yaron yana karyawa kafin ya tafi makaranta ba, ko yana hango allo sosai, ko zazzaɓin cizon sauro ya rage masa jini. Ba mu duba ko aikin gida da rainon yara ne suka hana uwargida barci ba, ko wata baƙar magana da muka yaɓa mata ce take ci mata rai. Sau da yawa mutumin da ya yi shiru kare kansa yake yi, saboda ƙarfin da ya rage masa kaɗan ne, ko zafin da ke kansa ya yi yawa. Tsawa da duka ba sa dawo da walwalar irin wannan, ƙara masa zafi suke yi.

Don haka iyaye da malamai da iyayen gida, mu riƙa farawa daga abu mai sauƙi: abinci, barci, hutu, da tambaya cikin lalama. Idan an yi duk wannan abin bai sauya ba, a kai mutumin wurin likita ba tare da jin kunya ba, domin ciwon damuwa ciwo ne da ake magancewa. Kafin ka yanke wa ɗanka ko matarka ko yaronka hukuncin lalacewa, zaunar da shi ka tambaye shi abin da ke damunsa, kuma ka saurari amsar har ƙarshe.