Tsuntsu ko Maƙwabci?

'Yan'uwa, a cikin hunturu mukan bi masu kallon tsuntsaye zuwa Dagona, a fadamar Haɗejiya da Nguru. Mukan tsaya shiru da asuba, sanyi yana ratsa mu, muna duban agwagin ruwa da suka ƙetaro Sahara daga Turai suna kiwo tare da dinya da zalɓe na gida.

A nan tambaya takan taso mana: ya dace mu damu da tsuntsu alhali maƙwabcinmu yana kwana da yunwa?

Bari mu dubi ruwan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Inda agwagwa ta rasa masauki, a nan masunci ya rasa kifi, manomi ya rasa shinkafa, makiyayi ya rasa makiyayar rani.

Ashe ruwa ɗaya Mahalicci ya ba mu amana. Idan muka bari ya ƙafe domin muna ganin na tsuntsaye ne, maƙwabcinmu muka cuta.