Ka Hau Rufinka Tun Gabas Ba Ta Yi Baƙi Ba

Ɗana, tunda Allah ya sa ka zama maigida, akwai aikin da ya hau kanka wanda ba a cika ambatonsa ranar ɗaurin aure ba. An yi maka maganar ci da sha da sutura, amma da wuya a ce wani ya tuna maka cewa rufin da iyalinka ke kwana a ƙarƙashinsa amana ce da ake dubawa duk shekara. Lokacin dubawar kuwa bazara ne, sa'ad da zafi ya ishi kowa, ana ta roƙon ruwa. Ruwan zai zo in Allah ya yarda, sai dai na farkon damina ba ya zuwa shi kaɗai. Iska ce ke yi masa jagora.

A Arewacin Najeriya da kudancin Nijar wannan iska ba baƙuwa ba ce. Ta fi ɓarna tsakanin Afrilu da Yuni, wani lokaci kuma ta waiwayo a ƙarshen damina. Yawanci daga gabas take tasowa. Za ka ga rana ta yi zafi mai tsanani, gari ya yi tsit ko ganye ba ya motsi, can da la'asar ko cikin dare gabas ta haɗe, wani sanyi ya ɗan buso, sai jar ƙura ta tunkaro gari. Daga ganin ƙurar zuwa isowarta mintoci ne kawai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Bauchi ba za su manta da watan Yunin 2018 ba. Ana cikin shagulgulan Ƙaramar Sallah iska ta auka wa garin, ta yaye rufin gidaje da makarantu, ta karya falwayoyi da itatuwa, aka rasa rayuka, har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya je jaje. Kowace shekara kuma akwai ƙauyukan da irin wannan ke samu ba tare da labarinsu ya kai gidan rediyo ba.

Bari in daɗe a kan rufi, don nan ne gida ke fara faɗuwa. Mutane da yawa sun ɗauka iska tura kwano take yi. A'a, ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta saman rufi da gudu sai ta riƙa tsotso shi sama, idan kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren da take busowa, sai ta cika ɗakin ta tunkuɗo rufin daga ciki. Ƙarfi biyu ke nan a kan ƙusa ɗaya. Kuma idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da take bugun rufi da shi ninkawa yake yi sau 4. Shi ya sa rufin da ya shekara 10 lafiya lau kan tashi a dare guda. Daga baki-baki da kusurwa yake fara yagewa. Falle ɗaya ya ɗaga, iska ta samu hanya, sauran su bi shi.

Saboda haka ka kira kafinta, kuma ka hau tare da shi, kada ka zauna a inuwa kana jiran rahoto. Abin da za ka duba da idonka shi ne mahaɗar katako da bango. A gidaje da yawa ɗora katakon kawai aka yi, aka liƙe da ɗan siminti, nauyin rufin ne kaɗai ke riƙe da shi. Irin wannan shi ne wanda ake tarar da shi ɗungurungum, kwano da katako, a bayan gidan maƙwabci. Katako yana bukatar a ɗaure shi da langa-langa ko rodi da aka binne cikin linta, ko aka ratsa ta cikin bango aka naɗo. Ka soki katakon da ƙusa ka gani, domin gara kan cinye cikinsa ta bar fatar waje sumul. Ƙusar da ta yi tsatsa ko ta saki a cire ta a sa sabuwa mai hula, a kuma ƙara yawanta a gefuna da tsororuwar rufi. Na san kuɗi ne, kuma na san halin da ake ciki. Amma ka tambayi farashin bandir ɗin kwano a yau, sa'an nan ka tambayi na ƙusa da langa-langa.

Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da ake jibgawa a kan kwano kuwa, ban yarda da su ba. Suna hana ƙaramar iska kaɗa rufi, shi ke nan. Ranar da babba ta zo, tare da kwanon za su tashi, kuma wani wuri za su sauka.

Maginan da suka gina mana soraye sun san halin hadarin gabas. Bangon gabas suka fi ba yaɓe, suna kewaye rufi da rawani, suna gyara indararo kafin ruwa ya sauka. In gidanka na ƙasa ne, yaɓen nan na shekara-shekara ba ado ba ne. Ka duba azara, ka duba gindin katanga inda ruwa ke kwanciya, musamman wadda yara ke wasa ko kwana a jikinta. In kuma a haya kake, ka sami mai gidan tun yanzu, cikin ladabi, ka nuna masa abin da ka gani. Idan ya yi nawa, ku sasanta ka gyara a cire a kuɗin haya. Gidan nasa ne, amma 'ya'yan da ke ciki naka ne.

Daga nan ka sauko tsakar gida. Reshen darbejiya da ya haye ɗaki ko ya kusanci waya a sassabe shi, amma wanda ya riga ya taɓa wayar wuta a bar wa ma'aikatan lantarki. Tankin ruwa in babu komai a cikinsa ganga ce mai jiran tashi, don haka a ɗaure shi, a bar shi da ruwa. Farantin sola, eriya, rumfar dabbobi, tarin tsohon kwanon da aka jingine a lungu, duk a ƙara musu ɗauri. Takardun fili da na makaranta da katin asibiti a sa su a leda, a jefa cikin bokiti mai murfi. Ka sayi tamfal ko babbar leda ka ajiye, don washegarin iska farashinta ba na mutunci ba ne.

Ranar da abin ya zo, aikinka guda ne: tattara mutane. Lokacin zafi ne, rabin gida a waje yake kwana, saboda haka ku saba tun yanzu cewa da an ji sanyin hadari kowa ya naɗe tabarmarsa. A ƙirga yara. A kwance dabbar da aka ɗaure a gindin bishiya. A rufe ƙofofi da tagogi duka, kada ka saurari masu cewa a buɗe don iska ta wuce. A kashe murhu da gas, a zare talabijin da firji daga soket. Ku shiga ɗakin da ya fi ƙarfin gini, nesa da taga. In rufi ya fara ɗagawa ku durƙusa a ƙarƙashin tebur mai ƙwari ko ku rufe kawunanku da katifa. Kada zuciya ta ɗebe ka ka fita riƙo kwano, ko ka tura yaro ɗauko shanya. Kwanon da iska ta ɗauko yanka yake yi kamar wuƙa. In a hanya ta same ka, ka nemi gini, ka nisanci bishiya da allon talla da katanga. Ka yi addu'ar da aka koya mana ta lokacin iska, ka koya wa yara ita ma, tana kwantar da hankalin gida. Amma malamanmu ba su taɓa cewa tawakkali yana hana ɗaure katako ba.

Yanzu maganar wuta, kuma a nan ne nake jin tsoron sabo ya yaudare ka. Mu da muka tashi da ɗauke wutar Nepa muna ganin babu abin da za a koya mana. To, ɗaukewar yau da kullum daban, wadda iska ta haddasa daban. Ta kullum ta awoyi ce, kuma in babu a layinku akwai a na gaba. Idan falwayoyi suka zube, taransifoma ta lalace, unguwanni ne ke shiga duhu tare, gyaran kuma kan ɗauki kwanaki ko makonni. Mun ɗanɗana irin wannan a ƙarshen Oktoban 2024, ko da yake ba iska ce sanadi ba: manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, na Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir, suka samu matsala, jihohi da dama suka haura mako guda ba wuta. Duhun bai dami mutane kamar abin da ya biyo bayansa ba. Ruwa ya yi tsada saboda rijiyoyin burtsatse sun tsaya, niƙa ya yi tsada, cajin waya ya zama sai da layi.

Ruwa za ka fara tanada. Ma'aikatan agaji kan ƙiyasta lita 15 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da ɗan tsafta. Gida mai mutum 8 ke nan yana bukatar lita 120, kusan jarka 5 masu cin lita 25, a yini guda. Ka lissafa na kwana 3 ka ga ko randunanka da jarkokinka za su ɗauka. Ka zauna da uwargida ku yi wannan lissafi tare, ita ta fi ka sanin abin da gida ke sha. A niƙa gari a ajiye, a tanadi garin kwaki, ƙuli-ƙuli, busasshen tumatir da kuɓewa. Firji in ba a buɗe shi ba yakan riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cike kuma har awa 48, rabin cika awa 24, amma a zafin Mayu kada ka dogara da cikar wannan lissafi. Naman da ya narke ya kwana a zafi, zubarwa ya fi asibiti araha. Wanda ya fara saki da sauran sanyinsa a soya shi nan take.

In akwai mai ciwon sukari da ke allurar insulin, ka tambayi likitansa tun yanzu yadda za a adana ta in babu firji. Akwai dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen tsumma a sama, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana sanyaya kayan miya da magani ba tare da wuta ba, ta fi aiki kuma lokacin da iska ke bushe. Ka ajiye 'yan kuɗi a hannu, don in sabis ya ɗauke mai POS ba shi da abin da zai yi maka. Tocila, fitila mai caji, rediyo mai batir don jin hasashen yanayi na hukumar NiMet, waɗannan ka san su. Kyandir dai a gidan da yara suke, ga gidan sauro a rataye, ba na son sa.

Janareta kuwa, ɗana, ka buɗe kunnenka. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iskar guba marar launi marar wari, wadda kan kashe mutum yana barci. An sha wayar gari a ƙasar nan a tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki, injin yana zaure ko kicin. Kuma dalilin shigo da shi kullum mai kama da hankali ne: ruwa zai dake shi, ko ɓarawo zai ɗauka. Ka yi masa 'yar rumfa a fili, ka sa sarƙa da kwaɗo, ya yi nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙin ya juya wa ɗakuna baya, naka da na maƙwabcinka. In inji na aiki ka ji mutanen gida na kukan ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, kada ka ce zazzaɓi ne. A fita waje, a kashe shi, a tafi asibiti. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake kisa. Kada a zuba fetur inji na da zafi. Kada kuma a haɗa shi da wayoyin gida sai da makunnin da ke raba wutarsa da ta Nepa, in ba haka ba wutar injinka za ta koma kan layi ta kama bawan Allah da ya hau falwaya don ya gyara muku.

Da gari ya waye bayan iska, ka riga yara fita. Duk wayar da ka gani a ƙasa ka ɗauka da wuta a jikinta, ko da unguwar duka duhu ce. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruwan da ya kwanta suna ɗaukar wuta, don haka ka ba ta tazarar mita 10, ka sa babba ya tsaya yana korar yara da dabbobi, ka sanar da kamfanin wuta da mai unguwa. In ta kama wani, kada ka cafke shi da hannu, sai ku zama biyu. Ka sa wa yara takalma saboda ƙusa da yankakken kwano. Ka leƙa gidan tsohuwar da ba ta da mai hau mata rufi. Ka ɗauki hoton ɓarnar da ta same ka, a rubuta sunanka wurin mai unguwa don hukumar agajin gaggawa ta jiha ko NEMA, amma ka fara rufe ɗakinka da tamfal, domin ruwa na biyu kan riga tallafi isowa.

Ranar da aka dawo da wuta, kada ihun yara ya sa ka gaggawa. Sau da yawa takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima ko ta yi ta rawa, ta ƙone firji da talabijin. Ka kunna ƙwai ɗaya ka zuba masa ido na ɗan lokaci kafin ka mayar da sauran kaya soket. In kuwa ruwa ya shiga silin ko ya jiƙa bango inda wayoyi suka bi, ka bar babban makunnin gidan a kashe har mai gyaran wuta ya zo ya duba.