Ɗana, Kafin Ka Juya Allon Nan

Ɗana, na san abin da ya ja hankalinka. Ka ga bidiyo a waya, yaro ya taho a kan allo mai taya huɗu, ya daka tsalle, allon ya juya a ƙarƙashin ƙafafunsa, ya dira a kai ya wuce abinsa. Duka-duka bai kai daƙiƙa biyu ba. Ba zan hana ka ba, domin wasa ne mai kyau, yana gina ƙafa, yana koya wa mutum mallakar jikinsa. Sai dai ka zauna ka saurare ni, don wanda ya ɗauki bidiyon ya yanke faɗuwar da aka sha kafin a dace, kuma a cikin faɗuwar nan aikin yake.

Wannan wasa, wato siketbod, ya taso ne a Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1950, a hannun masu hawan igiyar ruwa waɗanda ke neman abin yi a tudu ranar da teku ya lafa. An daɗe ana hawan allon yana manne da ƙasa. Sai a 1978 wani matashi a Fulorida, Alan Gelfand, ya gano yadda zai tashi sama da allon ba tare da ya sa hannu ba, a jikin gangaren siminti. Laƙabinsa Ollie, shi ya sa ake kiran tsallen oli har yau. A 1982 Rodney Mullen, shi ma ɗan Fulorida, ya nuna ana iya yin tsallen a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, daga nan ne kuma akasarin salon da kake gani ya fito. Lissafa da kanka. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun haura shekara ashirin kafin su ɗaga allon daga daɓe. Kai kuma kana so ka juya shi a makon da ka saye shi?

Fara da tsayuwa. Wasu ƙafar hagu suke sa wa gaba, wasu ta dama, babu wadda ta fi wata. Ka bar jikinka ya zaɓa. Ka koyi turawa da ƙafar baya, ka koyi tsayawa ta hanyar jan tafin takalmi a ƙasa, ka koyi karya kwana da nauyin yatsu da dunduniya. Ka yi ta yi har ka iya zagaya fili kana hira ba ka kallon ƙafarka. Da rarrafe yaro kan tashi. Wanda ya tsallake wannan mataki, ko ya yi sa'ar juya allo, da ya dira zai zame masa, don ƙafarsa ba ta san abin da ta taka ba.

Sannan ka koyi faɗuwa, kuma da gaske nake. Za ka faɗi, babu makawa. Duk ɗan Adam idan zai kifa hannu yake miƙawa, shi ya sa wuyan hannu yake cikin gaɓoɓin da suka fi karyewa a wannan wasa, sai idon sawu da ke yawan targaɗe. Je kan ciyawa ko yashi ka horar da kanka: ka lanƙwasa gwiwa, ka dunƙule jiki, ka sunkuyar da haɓa wajen ƙirji, ka mirgina ta kafaɗa. Hular kwano kuwa ba na ciniki a kanta. Hannu idan ya karye akwai ɗori, amma ƙeya idan ta bugi siminti, wani lokaci sai dai haƙuri. Kuma kada in gan ka a kan allo da silifas. Kambas mai shimfiɗaɗɗen tafi, a ɗaure tam.

To, yanzu ga juyin kansa. Wanda ya dace da ɗan koyo shi ne wanda suke kira shobit: allon ya yi rabin zagaye a kwance, digiri 180, hancinsa ya koma inda wutsiya take, kai kuwa jikinka bai juya ba. Ka ɗora ƙwallon tafin ƙafar baya a kan wutsiyar allon, yatsunka sun ɗan leƙa gefe. Ƙafar gaba ta zauna bayan kusoshin da ke riƙe da tayoyin gaba kaɗan. Ka durƙusa, ka danna wutsiyar, a lokaci guda ka share ta zuwa bayanka kamar mai ture tsakuwa da ƙafa, sannan ka tashi. Ƙafar baya ce ke yin aikin duka. Ta gaba ba ta da aiki sai ta ɗaga ta ba allo hanya, ta tsaya a samansa, idan ya gama juyawa ta tare shi. Da farko ma ba sai wutsiyar ta bugi ƙasa ba, bar tayoyin su ɗan goge daɓe suna juyawa. Idan wannan ya zauna, kuma ka iya oli, sai ka haɗa da bugun wutsiya, allon ya tashi sama ya juya a iska.

Akwai abubuwan da za su ba ka wahala, gara ka san su tun yanzu. Allon yakan gudu zuwa gabanka, wato ɓangaren yatsu, saboda haka ka ɗan yi tsallen zuwa can, ka same shi inda zai sauka. Kafaɗunka su tsaya a layi ɗaya da allon. Da zarar sun murɗa, ƙugu zai bi su, ka dira a karkace. Idonka a kan allon. Kada ka sa ƙarfi da yawa, don rabin zagaye ba ya bukatar ƙarfi, yawan ƙarfin ma shi ke sa allon ya zarce ya daki ƙwaurinka. Idan za ka dira, ka nufi kan kusoshi, inda ƙarafan tayoyi suke tallafe da katako. Allon siraran fallayen katako ne guda bakwai aka manne, kuma duk ƙarfinsa, idan ka riƙa dira masa a tsakiya ko a ƙarshen wutsiya, wata rana zai tsage, kuɗinka ya tafi.

Amma babban abokin gabarka yana cikin ƙirjinka. Za ka kai lokacin da allon ke juyawa daidai, ƙafar gaba na hawa, ta baya kuwa kullum sai ta sauka a ƙasa. Za ka ce dabara ce ta rage maka. Tsoro ne, ɗana, kuma ba abin kunya ba ne, jiki ne ke kare kansa. Maganinsa ka rage masa abin tsoro: ka kama shinge ko hannun aboki, ka yi ta dira da ƙafa biyu har zuciya ta yarda, sannan ka saki. Ka gwada kana tafiya a hankali, domin allon da ke ɗan gangarawa ya fi wanda ke tsaye sauƙin juyawa. Ranar da ka gaji kuwa ka tashi ka tafi gida. Gajiyayyar ƙafa ce ke kawo targaɗe.

Wurin wasa ma ka zaɓe shi da hankali. Daɓen siminti mai santsi, babu mota, ka share shi kafin ka hau, don tsakuwa ɗaya tak tana iya tsayar da taya cak ta wurga ka gaba. Ka kiyaye allon daga ruwa, ka riƙa goge ƙurar da ke shiga boris. Titi kuwa na haramta maka. Ina ganin samari masu takalmin taya suna maƙale wa a-daidaita-sahu da motoci a baya, raina yana ɓaci, domin direba bai san da su ba, kuma birki ɗaya ya isa.

Kada ƙanƙantar shekaru ko girmansu su dame ka. A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, karon farko da aka shigar da wannan wasa, Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare tana da shekara 13, Rayssa Leal ta Barazil, sa'arta, ta ci azurfa. Su ma da turawa da faɗuwa suka fara. Ba na ce sai ka kai can ba. Abin da nake so shi ne ka yi wasanka ka dawo gida da ƙafafunka, ba ka bar salla ta wuce ba, ba ka yar da karatu ba, ba ka hana maƙwabta barci da ƙarar katako ba.

Idan kuɗin hannunka ba su isa allo da hular kwano gaba ɗaya ba, ka fara sayen hular, allon ya jira. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare min kai.