Kafin Ka Hau Kujerar Alƙali

Ɗana, in kana karatun shari'a a Garwa ko Marwa, kuma 'yan siyasa sun fara yi maka kirari, zauna ka ji labarin Mamman Nasir na Malumfashi.

An haife shi a 1929, ya zama lauya a Ingila a 1955. A 1961 Sardauna ya ba shi muƙamin Ministan Shari'a na Jihar Arewa ta Najeriya. Ɗan jam'iyyar NPC mai mulki ne cikakke, a zamanin da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU ke kukan cewa kotunan alƙalai sun zama bulalar masu mulki, ana ɗaure mutum don ya yi taro ko ya faɗi magana. Sai ga juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, aka kashe Sardauna, jam'iyya ta watse.

To, ga inda nake so ka tsaya. Bai tashi daga kujerar minista ya faɗa ta alƙali ba. Ya koma lauyan gwamnati a Kaduna, sai a 1975 ya shiga Kotun Ƙoli. Daga 1978 zuwa 1992 shi ne shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, kana ya zama Galadiman Katsina. Daga 1966 zuwa 1975, shekara tara ke nan tsakanin siyasa da alƙalanci. Ban ce shi ya tsara hakan ba, soja ne suka rufe kasuwar siyasa. Amma a ganina wannan tazara ta yi masa rana, domin kafin ya fara yanke hukunci ƙurar zaɓe ta lafa, bashin da ake bin ɗan siyasa ya tsufa.

Ku mutanen Garwa ba sai an gaya muku abin da ke faruwa in kotu ta auri siyasa ba. Ahmadu Ahijo ɗanku ne, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, amma a 1984 kotun soja a Yawunde ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan. An sassauta daga baya, sai dai bai sake taka ƙasar ba har ya rasu a Dakar a 1989.

Kuma kada ka ɗauka abokin hamayya ne zai wahalar da kai. Shi da sauƙi, kunya ma za ta sa ka yi masa adalci. Wanda nake jiye maka shi ne tsohon abokin yaƙin neman zaɓe. Zai zo bayan isha'i, ya tuɓe takalmi a zaure, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, direbansa kuma na ɗaure rago a bakin ƙofa. Sai ya miƙe zai tafi zai ce, wai ashe maganar yaron nan a gabanka take?

Ka raka shi har mota cikin mutunci, ka sa a kwance ragon a mayar. Da safe ka rubuta wa babban alƙali cewa ka san mai ƙarar, a ba wani shari'ar.