Mudun da Ake Auna Ra'ayin Ɗalibi

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na raba takardar tambayoyi ga 'yan aji uku na wata ƙaramar sakandare, ina neman sanin wadda suka fi so tsakanin babbar sakandare, mai kai mutum jami'a, da kwalejin koyon sana'a. Na yi amfani da ma'aunin nan mai matakai 5 wanda Rensis Likert ya fito da shi a 1932, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". Da aka zo kan jimlar da ke cewa makarantar sana'a hanya ce ta mutunci, wani yaro ya zaɓi matakin ƙarshe. Da la'asar na tarar da shi a bakin kasuwa, hannuwansa duk baƙin mai, yana gyaran janareta cikin annashuwa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wanne ne ra'ayinsa, na takarda ko na fuska?

Ba ƙarya yaron ya yi ba. Tsarin 6-3-3-4 da Nijeriya ta fara aiwatarwa a 1982 ya yi niyyar ɗaga darajar aikin hannu, kuma akwai hukumar NABTEB mai shirya jarrabawar ɗaliban sana'a. Duk da haka yaron ya tashi yana jin ana cewa wane boko ya gagare shi, a kai shi gareji. Ya kuma ga yadda ma'aikatu suka daɗe suna fifita mai digiri a kan mai babbar difloma. Abin da ya rubuta mini hukuncin al'umma ne, wanda ya fahimta sarai tun kafin ya kai shekara 15. Mudu na bai yi algus ba, sai dai tsoronsa ya auna alhali na ɗauka sha'awarsa nake aunawa.

Nauyin da ke wuyan mai bincike a nan babba ne. Idan hukuma ta karanta irin wannan sakamako ta ce yara ba sa son sana'a, za ta rage kuɗin sayen injuna da ɗaukar malamai, makarantun su ƙara lalacewa, binciken baɗi kuma ya gaskata na bana. Haka nan ba ni da hurumin in yi watsi da amsarsa in ce na fi shi sanin zuciyarsa, domin wannan ma raini ne.

Abin da adalci ke nema shi ne tambaya ta biyu, wadda na manta ban sa a takardata ba: da a ce albashi da girmamawa ɗaya ne, wace hanya za ka bi? Tazarar da ke tsakanin amsoshin nan biyu ita ce bashin da yaron yake bin al'ummarsa, kuma ita ya kamata a kai wa masu tsara ilimi.