Taron Shirwa a Bayan Gari

Wata safiya cikin hunturu, muna hanyarmu ta zuwa aji daga wata sabuwar unguwa a bayan garin Ibadan, sai muka tarar da jama'a sun yi cirko-cirko a bakin titi, kowa ya ɗaga kai sama. Shirwa ce ta cika sararin samaniya, tana shawagi a kan rufin gidaje, har muka gaji da ƙirge. Wata dattijuwa ta ce wannan ba alamar alheri ba ce, ta shiga kora 'yan tsakinta cikin akurki. Wani kuwa cewa ya yi tsuntsayen daji sun fara yi wa mutane kutse.

Maganar kutsen nan ce ta tsaya mana a rai. Alal haƙiƙa shirwa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. 'Yar ci-rani ce kamar da yawa daga cikinmu: takan gangaro kudu idan ruwa ya ɗauke, ta koma arewa da faɗuwar damina tana bin shinge da fara. Kakanninta sun yi jewa a kan wannan fili tun yana gonar rogo. Mu ne muka zo daga baya da bulo da kwano, muka kuma buɗe juji a bayan gidajenmu, inda ake zubar da kayan cikin kaji da ragowar abin da mahauta suka yar. Wato dai mu muka girka tukunyar, sa'an nan muka yi mamakin ganin masu ci.

Tambayar da ke gabanmu ke nan: me ya sa ɗan Adam yake ƙyamar mai kwashe masa ƙazanta fiye da yadda yake ƙyamar ƙazantar kanta? Jujin nan shekara da shekaru muna wuce shi, ba wanda ya tsaya. Sai ranar da shirwa ta nuna shi daga sama muka ji abin ya dame mu. Haka muke yi wa mai sharar kasuwa da mai yashe masai, muna bukatarsu da asuba, muna kauce musu da rana.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, duk cikin taron nan babu ungulu ko ɗaya. Mu da muka tashi a arewa mun san yadda take jeruwa a kan rumfunan mahauta, har Bahaushe ya ce ba ta jewar banza. A shekarar 2015 aka sanya irin wannan ungulu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin kanta da ƙafafunta a kasuwannin magani yana cikin dalilan. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulayenta, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana bai wa dabbobi maganin.

Sai dai kuma ba za mu raina tsoron dattijuwar nan ba. Shirwa tana ɗaukar tsako, kuma tsako ɗaya a hannun talaka kuɗin gishiri ne na gobe. Mai albashi yana iya yabon tsuntsu daga tagar ofis, ita kuwa asarar a gidanta take sauka. Amma jujin da ya jawo shirwar, mu masu cin kaza kullum muka fi cika shi.

Da yamma, a majalisar ƙofar masallaci, wani ya kawo shawarar a barbaɗa guba a kan jujin. Aka tambaye shi wa zai kwashe abin da shirwa take kwashewa idan ta mutu. Kafin ya ba da amsa aka kira sallar magariba, kowa ya tashi neman buta.